Kafin ka ce daren ya yi kyau: yadda ake auna naɗin wasan Grateful Dead

Ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka, Grateful Dead, ta hau dandamali sama da sau 2,300 tsakanin 1965 da 1995, kuma mafi yawan wasannin an naɗe su, wasu suna rumbun ƙungiyar, wasu a hannun masoyanta. Wanda sha'awar kiɗansu ta kama shi yau, in ya buɗe rumbun Internet Archive, abin da zai tarar ya isa ya rikita shi. Dare ɗaya tak yana iya samun naɗi biyar ko goma, kowanne da masu rantsuwa cewa babu kamarsa. Daga ina zai fara, kuma da me zai gane mai kyau?

Dalilin da ya sa ake wannan wahala tun farko shi ne, mutanen nan ba sa buga waƙa iri ɗaya sau biyu. Jerin waƙoƙin jiya daban, na yau daban, kuma waƙar da ta ɗauki minti bakwai a wannan gari tana iya kai minti ashirin da biyar a gari na gaba, saboda a tsakiyarta sukan saki layi su shiga ƙirƙirar nan take, kowa yana bin abin da ɗan uwansa ya jefo. Duk wanda ya taso da kaset-kaset ɗin Mamman Shata ya san wannan hali: waƙa ɗaya ce, amma ta wannan taro ba ta wancan ba ce, kuma masu kunne suna iya gaya maka wace rana ce bakin ya fi buɗewa. To haka masoyan Grateful Dead suke da darare.

Shawarata ta farko, wadda sauran duk suke rataye a jikinta, ita ce ka raba tambaya biyu da mutane suke cakuɗawa. Ɗaya: yaya aka naɗi sautin? Biyu: yaya makaɗan suka yi wasa? Naɗi mai tsabta yana ruɗar kunne har ya sa ka yaba wa daren da makaɗan suka yi shi a gajiye. Naɗi mai hayaniya kuma yana sa ka tsallake daren da suka yi abin mamaki. Sai ka amsa ta farko ka ajiye ta gefe kafin ka shiga ta biyu.

Mu fara da naɗin. Kafin ka danna komai, dubi sunan fayil ɗin da bayanin da ke tare da shi. Za ka ga harufan SBD ko AUD, wani lokaci kuma kalmar matrix. SBD na nufin an jawo sautin kai tsaye daga teburin haɗa sauti, inda wayoyin makirufo da na kayan kiɗa suke taruwa. Irin wannan naɗi yana fitar da kowane makaɗi fes, kana jin yatsun mai fiyano, kana jin numfashin mawaƙi. Amma yana da rauninsa. Injiniyan da ke kan tebur yana gyara sauti ne don zauren, ba don kaset ba. Abin da ya riga ya cika zauren da ƙara daga kan dandamali, kamar ganguna ko jitar bes, yakan rage shi a tebur, sai ka ji a naɗin murya ta yi sama, kiɗan ya yi baya. Jama'a kuma kusan ba a jin su, sai wasan ya zama kamar a ɗaki rufe aka yi shi.

AUD shi ne naɗin ɗan kallo, wanda ya shiga da na'urarsa ya kafa makirufo a kan sanda. Shekaru da dama ana yin haka a ɓoye ko da kau da kai daga ƙungiyar, har a watan Oktoban 1984 aka ware wa masu naɗi wurinsu a hukumance, bayan teburin sauti. A naɗin ɗan kallo kana jin zauren kansa: yadda sauti ke dukan bango ya dawo, yadda dubban mutane ke yin tsit a wurin da kiɗa ya yi ƙasa, da gurnanin da ke tashi sa'ad da suka gane waƙar da za a shiga tun daga bugu biyu na farko. Kana kuma iya jin wani bawan Allah kusa da makirufo yana ta hira da abokinsa, ko yana tafi ba bisa kiɗa ba, tun daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne kuɗin da ake biya. Ni dai ina ganin sabon shiga yakan yi saurin raina AUD, alhali a wasu shekaru, musamman farkon shekarun 1980 da yawancin naɗin tebur a kan kaset aka yi shi kuma a bushe yake, naɗin ɗan kallo mai kyau ya fi nuna abin da ya faru. Matrix kuwa haɗin biyun ne, wani ya zauna da kwamfuta ya ɗora ɗaya kan ɗaya. In an yi shi da kyau, shi ne ya fi daɗi. In ba a daidaita lokacinsu ba, za ka ji bugun ganga yana zuwa biyu-biyu kamar amsa-kuwwa, to ka bar shi.

Shekarar 1974 tana da nata sha'ani. A lokacin ne suka yi yawo da wata katangar lasifika wadda ake kira Wall of Sound, mai lasifika kusan 600, wadda Owsley Stanley da abokan aikinsa suka tsara, a jere bayan makaɗan. Don kada makirufo ya kwashi ƙarar da ke bayansa ya yi kuka, sai aka ba kowane mawaƙi makirufo biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana rerawa cikin na sama, na ƙasa yana soke ƙarar katangar. Dabarar ta yi aiki, amma ta sa muryoyi suka fito sirara, kamar ta hanci. In ka ji haka a naɗin 1974 kada ka ce mai naɗi ne ya ɓata, kuma kada ka rage wa daren maki saboda shi.

Bayan nau'in naɗi sai silsilarsa. Masu wannan harka suna rubuta hanyar da sauti ya biyo: daga faifan asali zuwa wace na'ura, zuwa kaset na nawa, zuwa kwamfuta. Karanta wannan layi, ko da bai yi maka daɗin karatu ba. A zamanin kaset, duk kwafin da aka yi daga kwafi yana ƙara shuuu a bayan kiɗa, yana cinye kaifin sautin, har kwafi na biyar ko na shida ya zama kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Wanda ya fi kusa da asali shi za ka nema. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato gudun tef. In na'urar da aka yi kwafi da ita tana gudu fiye da ƙima, waƙar za ta yi sauri, muryoyi su yi sama, sai ka ɗauka makaɗan ne suke cikin zafi a daren. In tana jan ƙafa, sai su zama kamar masu jin barci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ɗauki waƙa ɗaya daga naɗin, ka saurari daƙiƙa ashirin, ka koma kan wannan waƙar a wani faifan da ƙungiyar ta fitar da kanta daga wannan shekarar. In muryar Jerry Garcia, mawaƙi kuma mai jitar ƙungiyar, ta yi ƙuruciya fiye da yadda ka san ta, tef ne ya yi gudu.

Ka kuma sa ran yankewa. Kaset mai minti 90 minti 45 ne kowane gefe, kuma makaɗan ba sa jiran a juya shi. Har faifan zare na teburin sauti yana ƙarewa a tsakiyar waƙa. Shi ya sa za ka ji sauti ya sauya kamanni na ɗan lokaci sannan ya dawo: an cike giɓin ne da wani naɗi. Wannan ba aibi ba ne, kyautatawa ce. Aibi shi ne a yanke minti biyu daga tsakiyar ƙirƙira a manne ba tare da an faɗa ba.

Batun FLAC da MP3 ba zan daɗe a kansa ba. FLAC ba ya zubar da komai daga sautin amma yana cin data da wuri, MP3 mai kyau kuma ya wadatar don sauraron farko. Abin da ya fi wannan muhimmanci nesa ba kusa ba shi ne abin da kake sauraro da shi. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, kuma a ƙasan nan ne Phil Lesh, mai jitar bes ɗinsu, yake. Wanda ya yanke wa wasan Grateful Dead hukunci ta lasifikar waya ya yanke shi ne ba tare da ya ji mai jitar bes ba, alhali sau da yawa shi ne ke juya akalar tafiyar. Sa iyafis, ko da mai araha ne.

Wani ɗan abu da ke ruɗar mutanenmu: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. In ka ga 5/8/77, ranar 8 ga Mayun 1977 ake nufi, ba 5 ga Agusta ba. A sunan fayil kuma yawanci shekara ce a gaba, sai wata, sai rana.

To, yanzu ga wasan kansa, inda aikin kunne yake.

Kada ka auna wata shekara da ma'aunin wata. Ƙungiyar 1969 mai zafi ce, mai kaushi, kuma Ron McKernan, wanda ake kira Pigpen, yana nan da muryarsa ta kiɗan blues, kafin ya rasu a Maris ɗin 1973. Daga farkon 1971 zuwa ƙarshen 1974 makaɗin ganga ɗaya ne, Bill Kreutzmann, saboda Mickey Hart ya janye, kuma hakan ya sa kiɗan ya yi sauƙin juyi, yana iya karya kwana nan take kamar na 'yan jazz, ga fiyanon Keith Godchaux. Bayan hutun da suka yi daga Oktoban 1974 zuwa tsakiyar 1976, ganga ta koma biyu, tafiyar ta yi nauyi, ta yi tsari, kuma a 1977 ne tsarin ya kai maƙura. Brent Mydland ya karɓi allon kiɗa a 1979, ya kawo wani launi daban da murya mai ƙarfi, har rasuwarsa a Yulin 1990. Garcia ya yi doguwar suma saboda ciwon sukari a Yulin 1986, ya farfaɗo, kuma 1989 zuwa farkon 1990 sun yi wasanni masu ƙarfi ƙwarai. A shekaru biyun ƙarshe kuwa lafiyarsa ta ja baya, kuma ana jin haka a yatsunsa da muryarsa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, a cikin darare na wannan shekarar, ina wannan ya tsaya?

Wasansu yawanci zango biyu ne. Na farko gajerun waƙoƙi ne, ana ɗumama jiki. Na biyu shi ne inda ake sakin linzami, waƙa tana narkewa cikin waƙa ba tsayawa, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 akwai wurin da masu ganga ke zama su kaɗai, sai kuma wani sashe na sautuka marasa kari kafin a dawo kan waƙa. In lokacinka kaɗan ne, zango na biyu za ka nufa. A jerin waƙoƙi kuma nemi alamar nan mai kama da kan kibiya tsakanin suna biyu, ita ce ke nuna an wuce daga wannan zuwa waccan ba a tsaya ba.

A nan nake so ka daɗe. Gadar da ke tsakanin waƙa biyu ita ce wurin da ba a iya yin ha'inci. Ɗauki China Cat Sunflower zuwa I Know You Rider, ko Scarlet Begonias zuwa Fire on the Mountain, wadda suka fara haɗawa a Maris ɗin 1977. Waƙa ta farko ta ƙare, ta biyu ba ta fara ba, kuma babu wanda ya rubuta abin da za a yi a tsakani. A dare mai kyau za ka ji Garcia ya jefa wani ɗan gajeren zance da jita, Bob Weir, mai jita na biyu, ya amsa masa da wani bugu a karkace daga gefe, Lesh ya ƙi sauka inda kake tsammani ya sauka, masu ganga su ɗan sassauta, sai can ka farga an riga an shiga waƙa ta biyu ba ka san lokacin da aka ƙetara ba. A dare mara kyau kuwa kowa yana kan nasa. Garcia yana hawa da sauka kan tsani ɗaya, sauran suna riƙe masa kari suna jira ya gama, sannan wani ya fizgo waƙa ta gaba da ƙarfi. Duka biyun za su iya ɗaukar minti goma. Ɗaya hira ce, ɗaya jiran layi.

Don ka iya jin wannan, yi wa kunnenka wani horo: saurari gadar sau ɗaya yadda ka saba, sannan ka maimaita ka ƙi bin Garcia da gangan. Kunne yana son jitar da ke gaba, ita ce mai haske. Bi Weir kaɗai, ko Lesh kaɗai, ka tambayi kanka ko abin da yake bugawa yana sauyawa saboda abin da wani ya buga. In yana sauyawa, suna sauraron juna. Wannan shi ne ma'aunina na farko da na ƙarshe, kuma yana aiki a kan Phish da Allman Brothers Band da duk wata ƙungiya mai irin wannan salo.

Tsawo ba shaida ba ne. Playing in the Band gajeriyar waƙa ce a 1971, ta yi ta miƙewa har ranar 21 ga Mayun 1974 a Siyatil ta kai minti 46. Abin sha'awa ne, amma akwai na minti goma sha biyar daga 1972 da suka fi ta cika. Abin dubawa shi ne ko kiɗan ya je wani wuri. Ya canja yanayi? An kai inda ka ji kamar zai watse sannan aka tattaro shi? Ko dai ana zagaye wuri ɗaya ne?

Kuskure ma ba shaida ba ne, kuma a nan mutane da yawa suke zalunci. Weir yana manta baiti, Garcia yana manta baiti, amshi yakan karkace, jita takan saki. Ranar 27 ga Agustan 1972 a Veneta ta jihar Oregon, wasan da suka yi don tallafa wa wani kamfanin madara na dangin marubuci Ken Kesey, zafin rana ya yi ta sassauta wayoyin jita har suna tsayawa suna ɗaurewa. Duk da haka waƙar Dark Star ta wannan rana, mai sama da minti talatin, tana cikin abin da ya fi komai kyau da suka taɓa bugawa. Wanda ya ƙirga kurakurai zai kayar da wannan wasa, ya ɗaga wani mai santsi da babu rai a cikinsa. Ka kuma san cewa kundin Europe '72 da aka fitar a wancan lokaci an gyara muryoyinsa a sutudiyo, don haka kada ka sa shi ya zama mizanin yadda suke rerawa a kan dandamali. Sai a 2011 aka fitar da wasannin wancan rangadi na Turai guda 22 gaba ɗayansu.

Sai batun suna. Daren da ya fi kowanne shahara shi ne na 8 ga Mayun 1977 a Barton Hall na Jami'ar Cornell, wanda har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar naɗe-naɗen da ƙasa ke adanawa. Dare ne mai kyau ƙwarai, ban da ja a kai, Scarlet zuwa Fire da Morning Dew na ranar sun cancanci yabon da ake musu. Amma wani ɓangare na sunansa daga naɗin ya zo. Betty Cantor-Jackson ce ta naɗe shi, mace mai kunne na musamman wadda take haɗa sautinta daban don faifai, ba don zaure ba. Faya-fayanta sun fita hannun jama'a bayan an yi gwanjon kayan ɗakin ajiyarta a 1986, kuma a lokacin da yawancin mutane ke fama da kwafi mai shuuu, sai ga Cornell garau. Ga gwajin da nake ba kowa: saurari Boston na 7 ga Mayu, da Cornell na 8, da Buffalo na 9, a jere. Mutane ɗaya ne, mako ɗaya, mai naɗi ɗaya, an ma fitar da su tare a hukumance a 2017. A nan bambancin naɗi ya fita daga lissafi, abin da ya rage wasan ne kawai. Masu kunne da dama Buffalo suke zaɓa, kuma duk wanda ka zaɓa, ka iya faɗin dalili.

Misali na ɗaya gefen shi ne Masar. A Satumban 1978 sun yi dare uku a gindin dalar Giza, tare da Hamza El Din, makaɗin oud ɗan Nubiya, kuma a dare na uku wata ya yi husufi. Labari ba ya wuce wannan daɗi. Amma in ka rufe ido ka saurara, wasan yana da wurare masu kyau, musamman inda tafi da gangunan Nubiya suka narke cikin kiɗansu, yana kuma da wurare masu rauni da yawa. Haka za ka riƙa karanta sharhin mutanen da suka ce suna wurin. Gaskiya suke faɗa, amma daren ƙuruciyarsu suke ba taurari biyar, da abokan tafiya, da hanyar da suka sha. Sharhin da zai amfane ka shi ne wanda ya ce a minti kaza na waƙa kaza abu kaza ya faru, domin wannan kana iya zuwa ka ji da kunnenka.

Hanya mafi sauri ta gina kunne ita ce ka ɗauki waƙa ɗaya ka bi ta cikin shekaru. Eyes of the World ta 1974, da ta 1977, da ta 1990 kamar waƙoƙi uku ne daban, a gudu da nauyi da inda ake kai ta. Ajiye ɗan littafi ka riƙa rubuta rana, da nau'in naɗi, da maki biyu daban, ɗaya na sauti ɗaya na wasa, da layi ɗaya kan abin da ya tsaya maka a rai. Kuma kafin ka yanke hukunci kan dare, saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ko sau ɗaya ne, domin waƙa mai sanyi da ta zo bayan rabin sa'a na guguwa tana da wani nauyi da ba za ka ji ba in ka tsinko ta ita kaɗai.

In kana son wurin farawa da wani ya riga ya tace maka, akwai jerin Dick's Picks guda 36, wanda mai kula da rumbun ƙungiyar Dick Latvala ya fara a 1993, da Dave's Picks na David Lemieux da ya biyo baya daga 2012. Latvala yana zaɓe ne don wasan, ko da naɗin yana da tabo, kuma a jikin faifan ana gargaɗin mai saye game da tabon. Na 4, daga Fillmore East a Fabrairun 1970, da na 8, daga Harpur College a Mayun shekarar, za su nuna maka ƙungiyar farko. A Internet Archive kuma, tun ƙarshen 2005, naɗin 'yan kallo ne ake iya saukewa, na tebur sauraro kawai ake yi a kan intanet. Sharaɗin da ƙungiyar ta gindaya wa masu naɗi tun asali yana nan: a yi musaya, a ba da kyauta, amma kada a sayar.